Idan Likita Ya Ce Gishirin Baba Ya Sauka

Tsohon da ya daɗe a kwance, ko saboda shanyewar ɓarin jiki, ko karayar ƙugu, ko dai ƙarfi ne ya ƙare, yakan canja cikin kwana biyu ko uku ba tare da wani sabon ciwo da ido ke gani ba. Wanda jiya yake amsa gaisuwa, yau sai an girgiza shi. Ana kai masa cokalin koko yana kawar da kai, yana kiran jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu tuntuni. A gida abin da aka fi cewa shi ne gigin tsufa ne, ko kuma a yi jugum a ce lokaci ne ya matso. Sau da yawa kuwa da za a ɗebi jini a auna, za a tarar sodiyam ɗin jininsa ne ya fita daga ma'auni, kuma abu ne da ake gyarawa mutum ya dawo hayyacinsa.

A asibiti likita ko nas kan taƙaita wa dangi da cewa "gishirinsa ya sauka" ko "gishirinsa ya hau". Maganar gaskiya ce, amma tana ɓatar da mutane. Wanda ya ji gishiri ya sauka, nan take zai ce a ƙara masa a abinci. Wanda ya ji ya hau kuma sai ya hana a saka ko ƙwaya ɗaya a miya. Duka biyun suna iya cutarwa, domin lambar da ke kan takardar gwajin galibi labarin ruwan jiki take bayarwa.

Abin da ake aunawa

Sodiyam shi ne ɓangaren gishirin girki da ke narkewa ya zauna cikin ruwan jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halittar jiki. Gwajin da ake rubutawa E/U/Cr a takardar asibiti yana faɗin yawansa a cikin lita ɗaya ta ruwan jini. Ga mai lafiya lambar tana tsakanin 135 da 145. Ƙasa da 135 ya sauka: daga 130 zuwa 134 ana ɗaukarsa mai sauƙi, daga 125 zuwa 129 matsakaici, ƙasa da 125 kuma ya yi tsanani. Sama da 145 ya hau.

Duk wadda ta taɓa girki ta san miya na yin lami ta hanya biyu: ko gishirin ya yi kaɗan, ko an cika mata ruwa. Haka kuma tana yin zartsi ko don hannu ya yi nauyi, ko don ta daɗe a kan wuta ruwan ya ƙone. A jikin tsoho mai kwance, hanya ta biyu ce ta fi yawa a kowane ɓangare. Sodiyam ya sauka, mafi yawanci ruwa ne ya taru fiye da kima. Ya hau, kusan kullum ruwa ne ya ƙaranta.

Abu biyu ne ke riƙe da wannan ma'auni. Na farko ƙishirwa. Na biyu wani homon, wato sinadarin da jiki ke aika saƙo da shi ta cikin jini, da ake kira ADH, wanda ke fitowa daga wata 'yar ƙaramar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa, aikinsa shi ne ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa ta rage fitsari. Tsufa na raunana duka biyun. Ƙishirwa takan dusashe, har tsoho ya yini bakinsa a bushe yana cewa ba ya jin shan ruwa, kuma da gaske yake. Ƙoda takan rage iya tattala ruwa idan ya yi ƙaranci, ta kuma rage iya zubar da shi idan ya yi yawa. Ga shi ruwan jikin ma ya ragu: a jikin saurayi ya kai kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa, a jikin dattijo wajen kashi 50, a jikin tsohuwa wajen 45. Ƙaramar randa ba ta jure kuskure, kofi kaɗan ke cika ta, kofi kaɗan ke ƙarar da ita. Sai kuma kwanciyar ta ɗora nata: mai kwance ba ya tashi ya ɗebi ruwa da kansa, duk abin da ya shiga cikinsa hannun wani ne ya auna masa.

Dalilin da ya sa alamomin suke fitowa a ka shi ne ruwa kullum yana bin inda gishiri ya fi yawa. Idan jini ya tsinke, ruwa na kwarara cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba su wuri. Idan jini ya yi zartsi, ruwa na fita daga cikinsu su yamushe. Amma ƙwaƙwalwa tana da dabara. Cikin kamar awa 48 takan daidaita sinadaran da ke cikinta ta saba da sabon yanayin. Shi ya sa wanda sodiyam ɗinsa ya gangara zuwa 120 cikin mako biyu za ka same shi yana magana, barci ne kawai ya yi masa yawa, wanda nasa ya faɗo zuwa 125 cikin dare ɗaya kuma yana iya jijjiga. Wannan sabon da ƙwaƙwalwa ke yi shi ne tushen duk wata ƙa'ida ta magani da za ta zo a gaba.

Idan ya sauka

Alamomin farko ba su da ƙarfi: tashin zuciya, ciwon kai, kasala, rashin son abinci, rikicewar tunani. Ga wanda ake zaunar da shi ko ake taka masa zuwa bayi, za a ga jiri da tangaɗi. Idan abin ya yi nisa sai amai, barci mai nauyi, jijjiga irin ta farfaɗiya, har doguwar suma.

Tambayar farko da likita ke yi wa kansa ita ce: jikin nan a bushe yake, ko a kumbure, ko kuwa babu ko ɗaya? Amsar ce ke raba magani, kuma maganin wani gubar wani ne.

Wanda ya bushe shi ne mai gudawa ko amai, ko wanda maganin sa fitsari ya tatse. Ya yi asarar ruwa da gishiri tare, aka mayar masa da ruwa zalla. Wannan yana buƙatar ruwa mai gishiri, ta baki ko ta jijiya.

Wanda ya kumbura shi ne mai ciwon zuciya, ko hantar da ta ƙanƙance, ko ƙodar da ta gaza. A jikinsa gishiri ya ma yi yawa, sai dai ruwan da ya taru ya fi shi yawa. Ga mai kwance, kumburin ba lallai a gan shi a ƙafa ba, a duba ƙasan baya da ɗuwawu, inda ruwa ke gangarawa. Irin wannan majinyaci idan aka ƙara masa gishiri, ruwa zai ƙara taruwa, yana iya cika huhu numfashi ya gagara. Abin da yake buƙata shi ne a rage ruwa, a rage gishiri, a yi maganin zuciyar ko hantar.

Na uku ya fi yawa a tsakanin tsofaffi, ya kuma fi ruɗa mutane, domin a ido babu bushewa babu kumburi. A nan homon ADH ne ke ta fita alhali jiki ba ya buƙatarsa, ƙoda tana riƙe ruwa ba dalili. Likitoci biyu a Amurka, William Schwartz da Frederic Bartter, su suka bayyana wannan yanayi a 1957 a jikin masu sankarar huhu, ana kuma rubuta shi SIADH. Abubuwan da ke tayar da shi su ne abokan zaman mai kwance: ciwon sanyin huhu, tarin fuka, shanyewar ɓarin jiki kanta, zubar jini a ka, zafin ciwo mai tsanani, tashin zuciya, kwanakin bayan tiyata, da magunguna.

Maganar magunguna tana buƙatar a tsaya a kanta. Kan gaba su ne magungunan hawan jini masu sa fitsari, waɗanda a kwalinsu za a ga an rubuta hydrochlorothiazide, bendroflumethiazide ko indapamide, da haɗin da aka fi sani da Moduretic. Magunguna ne masu kyau masu arha, amma tsohuwa siririya da ba ta cin abinci sosai tana iya faɗowa ƙasa da 125 cikin makonni biyun farko da fara su, wani lokaci kuma bayan ta shekara tana sha, ranar da gudawa ko rashin ci ya haɗu da su. Duk tsohon da aka ɗora a kan irinsu ya kamata a auna jininsa bayan mako ɗaya zuwa biyu. Sai Tegretol da ake bai wa masu farfaɗiya da ciwon jijiya, da magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline, da tiramadol, da omeprazole na gyambon ciki, da masu kashe zafin gaɓɓai irin su diclofenac da ibuprofen. Akwai kuma wanda aka fi mantawa da shi: tsohon da ya daɗe yana shan dexamethasone ko prednisolone daga kemis saboda ciwon gwiwa, da ya kwanta aka daina ba shi rana ɗaya. Jikinsa ya riga ya daina ƙera nasa homon da waɗannan magunguna ke kwaikwaya, sai awon jini (BP) ya faɗi, sodiyam ya faɗi, suga ma ya faɗi. Don haka ranar zuwa asibiti a zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya a tafi da su, har da na gargajiya, har da waɗanda aka daina ba shi kwanan nan.

Koko da shayi

Akwai wata hanya da sodiyam ke sauka wadda babu ciwo a cikinta sai tausayi. Tsoho ba haƙora, ko haɗiya na ba shi wahala, sai a koma koko tsararo safe da rana da dare, a bi da shayi da ɗan burodi, a yi ta ɗura masa ruwa don kada ya bushe. Ƙoda ba ta iya fitar da ruwa zalla. Dole sai ta sami abin da za ta narkar a cikinsa, wato gishiri da kuma dattin da ke fitowa bayan jiki ya sarrafa nama, ƙwai, wake da makamantansu. Mai cin abinci cikakke yana samar wa ƙodarsa irin wannan kaya awo 600 zuwa 900 a yini, a ma'aunin da ake kira miliyosmol. Ƙodar matashi tana iya fitar da lita ɗaya ta fitsari da awo 50 kacal, shi ya sa ko ya sha ruwa mai yawa ba ya damunsa. Amma a ɗauka tsohuwa ce da kokonta da shayinta ba su ba ta fiye da awo 250 ba, ƙodarta kuma ba ta iya tsinka fitsari ƙasa da awo 150 a lita. Iyakar abin da za ta iya fitarwa bai kai lita 2 ba. Idan ana ba ta lita 3 tsakanin koko da shayi da ruwa, ragowar da gumi da numfashi ba su ɗauke ba yana zaune a jikinta, kullum yana ƙara tsinka jini.

Gyaran wannan a madafa yake. A dama kokon da kauri, a zuba madara ko nono. A riƙa musanya shi da kunun gyaɗa. A ba da dafaffen ƙwai da aka murƙushe, alale mai laushi, awara, kifin da aka cire wa ƙaya, faten wake da aka tuƙe, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa da gishirinta daidai yadda kowa ke ci. Mai hawan jini an ce ya rage gishiri, ba a ce a hana shi gaba ɗaya ba, musamman idan abincin nasa bai taka kara ya karya ba. Wanda ake ciyarwa ta robar hanci ma haka ne: idan abin da ake ɗurawa ruwa-ruwa ne, ga kuma ruwan wanke robar kafin abinci da bayansa da bayan kowane magani, mililita 30 zuwa 50 kowane karo, lissafin na iya haura rabin lita ba wanda ya ƙirga.

Ƙarin ruwa

Ledojin ƙarin ruwa duk kamarsu ɗaya a ido, amma abin da ke ciki ya bambanta ƙwarai. Mai gishiri kashi 0.9 yana ɗauke da sodiyam 154 a lita. Wanda ake kira Ringer's lactate yana da wajen 130. Haɗin suga kashi 4.3 da gishiri kashi 0.18 yana da wajen 30 kawai. Ruwan suga kashi 5 kuwa ba shi da ko kaɗan, da jiki ya ƙone sugan abin da ya rage ruwa ne zalla. Al'adar kiran wani ya zo gida ya rataya leda biyu ko uku "don Baba ya sami ƙarfi", ba tare da an auna jini ba, tana cikin manyan hanyoyin da tsoho ke shiga wannan hali. Wanda homon ɗinsa ke riƙe ruwa, aka zuba masa lita 2 na ruwan suga cikin dare, da safe yana iya tashi da jijjiga.

Ko mai gishirin ma ba kowa yake yi wa amfani ba. Lita ɗaya tasa tana da awo 308. Idan mai SIADH ne wanda fitsarinsa ya kai kaurin awo 600 a lita, ƙodarsa za ta fitar da gishirin ledar duka cikin rabin lita na fitsari, ta bar ɗaya rabin a jiki ruwa zalla. An ba shi ruwan gishiri, sodiyam ɗinsa ya ƙara sauka. Wannan ne ya sa likita ke neman a auna fitsari tare da jini: sodiyam ɗin fitsari ƙasa da 30 yana nuna jikin da ke tattalin gishiri saboda ya bushe ko zuciya ta gaza, sama da haka kuma ya fi karkata ga SIADH ko maganin sa fitsari.

A duba suga ma kafin a yanke hukunci. Suga mai yawa na janyo ruwa daga ƙwayoyin jiki zuwa jini ya tsinka shi. Duk ƙarin 100 a ma'aunin suga na mg/dL yana sauke lambar sodiyam da 1.6 zuwa 2.4. Mai suga 600 da sodiyam 128, idan aka gyara lissafin, nasa yana tsakanin 136 da 140 ne, matsalarsa suga ce da rashin ruwa. Haka nan jinin da aka ɗiba daga hannun da ledar ƙarin ruwa ke shiga yana ba da lambar ƙarya.

Me ya sa ba a gyarawa da sauri

Idan majinyaci yana jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko ya suma, babu jira. Ana ba da ruwan gishiri mai ƙarfi, kashi 3, wanda ke da sodiyam 513 a lita, mililita 100 zuwa 150 cikin minti 10 zuwa 20, a sake aunawa, a maimaita idan da buƙata. Abin da ake nema shi ne lambar ta ɗaga da 4 zuwa 6 kawai. Wannan ɗan ɗagawar ya isa ya sassauta kumburin ƙwaƙwalwa. Daga nan sai a taka burki.

Ƙa'idar ita ce kada a ɗaga fiye da 10 a awa 24 na farko, kada a wuce 8 a kowace rana bayan haka. Ga wanda ya rame, ko mai ciwon hanta, ko mashayin giya, ko wanda fotasiyam ɗinsa, wani sinadarin jini da ake aunawa tare da sodiyam, ma ya sauka, ko wanda lambarsa ta kai 105 ko ƙasa, iyakar 8 ce tun ranar farko, kuma an fi son a tsaya a 4 zuwa 6. Tsoho mai kwance sau da yawa yana cikin wannan rukuni saboda rama. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar da ta riga ta saba da tsinkakken jini, idan aka mayar da shi daidai farat ɗaya, ruwa zai fice daga cikinta da ƙarfi, rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa ta lalace. An fara bayyana wannan lahani a 1959. Muninsa shi ne ba ya nunawa nan take. Majinyaci zai farfaɗo, ya gane mutane, a yi ta hamdala, sai bayan kwana 2 zuwa 6 harshe ya karye, haɗiya ta gagara, hannuwa da ƙafafu su saki. Wasu suna murmurewa a hankali, wasu ba sa dawowa.

Saboda haka idan aka kwantar da Baba da 115, washegari aka ce 121, kada a ce asibitin na wasa da shi. Daidai ake tafiya. Kuma gwajin da ake maimaitawa duk awa 4 zuwa 6 a wannan lokaci, duk da nauyinsa a aljihu, shi ne ke hana a zarce. A nan mai jinya yana da rawar da ba wanda zai taka masa: idan jakar fitsari ta fara cika da sauri da fitsari fari tas, fiye da mililita 100 a awa, a gaya wa nas nan take. Alama ce ƙoda ta saki ruwan da ta riƙe, kuma sodiyam na iya tashi da kansa ya wuce iyaka cikin 'yan awoyi. Idan aka gano da wuri ana iya tsayar da shi, har a ɗan mayar da shi ƙasa.

Wanda alamominsa masu sauƙi ne, maganinsa a cire sanadi: a dakatar da maganin da ya jawo, a yi maganin ciwon huhun, a gyara abinci. Mai SIADH ana taƙaita masa duk wani abu mai ruwa, har da koko da shayi da romo, zuwa mililita 800 zuwa 1000 a yini, wato bai wuce ledar fiya wata biyu ba. Likita na iya ƙara ƙwayar gishiri a aune. Amma a ce a kaɗa cokalin gishiri a kofi a ɗura wa mai magagi, wannan yana jawo amai, aman kuma ya sarƙe shi ya shiga huhu.

Idan ya hau

Wannan ɓangaren bayaninsa ya fi sauƙi, amma ya fi ɗaukar rai, kuma yawancinsa ana iya kauce masa. Mai lafiya da ruwa a kusa da shi sodiyam ɗinsa ba ya hawa, ƙishirwa ba za ta bar shi ba. Yana hawa ne ga wanda ba ya jin ƙishirwa, ko ba ya iya faɗa, ko ba ya iya haɗiya.

Ko mutum bai motsa ba, numfashi da fata suna ɗauke rabin lita ko fiye a yini. Zazzaɓi na ƙarawa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Damagaram, ɗakin kwano mara iska na iya ninka wannan asara. Hunturu ma yana busar da jiki ta numfashi, ga shi sanyi na sa a manta da ba da ruwa. Sai gudawa, da suga mai yawa da ke sa yawan fitsari, da Lasix, maganin sa fitsari, da abincin roba mai kauri da ba a bi shi da ruwa ba.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa wa likita ba. Tsoho da kansa yakan ƙi sha don kada fitsari ya kufce masa, saboda kunyar 'ya'ya da surukai, da damuwar tsarki da salla. Masu jinya ma, waɗanda wankin zannuwa ya gajiyar, sukan rage masa ruwa daga la'asar. Ba mugunta ba ce, gajiya ce, amma sakamakon ɗaya ne. Mafita ita ce a ba da mafi yawan ruwan daga asuba zuwa la'asar, a tanadi kwalbar fitsari ko tasa a kusa, a yi amfani da ƙunzugun manya da ledar shimfiɗa, a kuma nemi malamin da tsohon ya yarda da shi ya yi masa bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalurar fitsari. Haka batun azumi: mara lafiya yana da rangwame, kuma tsoho mai kwance da ke shan maganin sa fitsari ko na suga bai kamata ya ɗauki azumi ba sai likita ya duba shi.

Jan fatar bayan hannu don a ga ko ta koma ba ya nuna komai a jikin tsoho, fatarsa dama ta saki. A duba harshe ko ya bushe ya tsattsage, a taɓa hammata ko babu danshi, a lura da faɗawar ido, saurin bugun zuciya, ƙarancin fitsari, yawan barci ko fizge-fizge. Duk da haka jini ne alƙali.

Likita na lissafa ruwan da ya ɓace kamar haka. Tsohuwa mai kilo 50, ruwan jikinta kashi 45 ne, wato lita 22.5. Sodiyam ɗinta 160. A raba 160 da 140, a cire 1, a ninka da 22.5, ya ba da lita 3.2. Ba a zuba wannan a yini ɗaya. Ana saukar da lambar da kamar 10 a rana, don haka za a raba shi kwana biyu ko uku, a ɗora a kan ruwan da take buƙata na kullum. Idan awon jininta (BP) ya faɗi ƙwarai, ana fara ba ta mai gishiri kashi 0.9 har jijiyoyi su cika, sannan a koma ruwa ta baki, ko ta robar hanci, ko ruwan suga kashi 5 ta jijiya ana lura da sugan.

Gishiri shi kaɗai ba kasafai yake hawar da lambar ba sai an yi kuskuren haɗi. Ƙunshin ORS, garin gishiri da suga na masu gudawa, na lita ɗaya, ledar fiya wata biyu ake zuba masa. Idan aka kaɗa shi a kofi ɗaya don wai ya fi ƙarfi, an ninka gishirinsa sau uku ko huɗu. Haɗin gida kuwa ƙaramin cokali 6 na suga ne da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba tozo ba, a lita ɗaya. A tuna kanwa ma sodiyam ce, haka dunƙulen Maggi kaso mai yawa na nauyinsa gishiri ne, don haka kunun kanwa kullum ga mai ciwon zuciya ko ƙoda abin a tambayi likita ne.

Littafin gefen gado

Idan likita bai sa iyaka ba, tsoho yana buƙatar kamar mililita 30 a kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 50, lita ɗaya da rabi ke nan, ledar fiya wata uku, a ƙara a lokacin zafi ko zazzaɓi ko gudawa. Fitsarinsa kuma bai kamata ya gaza wajen mililita 600 a awa 24 ba. A ware masa kofi ɗaya, a auna a san abin da yake ci, a ajiye littafi a rubuta duk kofin da ya shanye, duk koko, duk ruwan wanke roba, da yawan fitsari da bayan gida da amai. A gidan da mutum huɗu ke karɓa-karɓar jinya, kowa na zaton ɗan'uwansa ya ba da ruwa, ko kuma kowa ya ba da nasa ya yi yawa. Littafin ne ke nuna gaskiya, kuma shi likita zai fara nema.

Mai wahalar haɗiya a zaunar da shi sosai kafin a ba shi komai, a ba shi da ƙaramin cokali, a bar shi a zaune rabin awa bayan ya gama. Abu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya. Idan yana tari ko muryarsa na gurgura bayan kowane kurɓi, a dakata, lokacin maganar robar hanci ya yi.

Sabon ruɗewa, barcin da ba a saba gani ba, amai fiye da sau biyu, ƙin sha na yini guda, ko awa 12 babu fitsari, duk suna buƙatar gwajin jini a ranar. Jijjiga ko suma kuwa a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki, a nufi asibiti. Bayan an sallamo shi, a tambayi likita abu uku a rubuta: mililita nawa zai sha a yini, wane magani aka dakatar da ba za a koma masa ba, da ranar da za a sake auna jinin, wadda galibi ba ta wuce mako guda.